Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin jimar da ke zubo mana dagwalo a kogin Challawa

Ranka ya daɗe Manaja,

Bayan gaisuwa. Sau uku muna zuwa ƙofar kamfaninku da mai unguwarmu, sau uku maigadi yana ce mana kana taro. Shi ya sa na fito da maganar fili.

Ni manomin rani ne a bakin kogin Challawa, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso. Kwatar da ta fito daga bayan katangarku ta gefen lambuna take bi kafin ta faɗa kogi. Da rana ɗan ruwa ne ke tsiyaya. Sai sawu ya ɗauke ku buɗe ta, mu wayi gari ruwa ya yi shuɗi-shuɗi, ga kumfa, ga warin ruɓaɓɓen ƙwai har cikin ɗaki. Yaranmu da ke aiki a wurinku sun ce shuɗin na kuromiyom ne da kuke jeme fata da shi, warin kuma na sinadarin cire gashi. Kuromiyom ƙarfe ne, tafasa ruwa ba ta kashe shi, kwanciya yake yi a laka. Da ruwan nan nake ba latas da alayyafo, su kuma a kasuwannin birni ake sayar da su. Wataƙila har teburinka sun je.

Rijiyar gidanmu ta canza ɗanɗano, yanzu ruwan leda muke saye. Ƙafafuna kuwa ƙaiƙayi ba ya barinsu. A ƙasa da mu kuma akwai matatar ruwa ta Tamburawa.

Kada a ce mana haka jima ta gada. Majeman Kano sun yi ɗaruruwan shekaru suna jima da bagaruwa. Sinadarin zamani kuka zaɓa don ya fi sauri, to tace ruwansa a wuyanku yake.

Irin wannan ta taɓa kai wasu kotu: a Amurka, garin Rome na jihar Jojiya ya kai kamfanonin kafet na garin Dalton kotu a 2019, saboda wani sinadarin masana'anta mai cutarwa da ake kira PFAS da ya gangaro kogi ya shiga ruwan shansu. A ƙarshe sai da aka biya garin kuɗin gina sabuwar matata.

Ku tace ruwanku kafin ya fita, ku gwada rijiyoyinmu a gabanmu, ku ba mai unguwa takardar sakamakon. Mun ba ku wata ɗaya. In shiru, kwafin wasiƙar nan da jarkar ruwan kwatarku za mu kai ofishin NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin kare muhalli.

Wassalam.
Maƙwabcinku na bayan katanga