Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Zumuntarmu: Girma Cikin Tsarki

'Yan'uwa ƙaunatattu cikin Almasihu, alheri da salama su kasance tare da ku duka.

Bisa tsarin ƙungiyarmu, sakatare ne ke kawo wa mambobi bayanin abin da aka yi a ƙarshen kowace shekara. Ga shi nan, a madadin kwamitin gudanarwa. Batun kuɗi yana cikin rahoton ma'aji, ba zan taɓa shi a nan ba.

Taken da muka zaɓa a farkon shekara daga 1 Bitrus 1:15-16 ya fito: tunda wanda ya kira mu mai tsarki ne, mu ma mu zama masu tsarki cikin dukan al'amuranmu. Ba kowa ya yi murna da zaɓin ba. Wasu sun ce maganar tsarki ta fastoci ce da tsofaffin da suka gama da duniya. Wata 'yar'uwa kuwa ta faɗa a fili cewa duk lokacin da ta ji kalmar, abin da ke zuwa mata shi ne jerin abubuwan da aka hana. Mun gode mata da ta faɗa, don da maganarta muka fara.

Nazarin Littafi Mai Tsarki na mako-mako ya ci gaba duk shekara. Muka bi Bitrus zuwa inda ya ɗauko maganarsa, wato Littafin Firistoci, muka zauna a sura ta 19 makonni da dama. Da yawanmu ba mu taɓa karanta surar daga farko har ƙarshe ba. A aya ta 2 Allah ya ce wa jama'arsa su zama tsarkaka domin shi mai tsarki ne, sai kuma ya shiga bayyana yadda tsarkin yake. Ka girmama mahaifiyarka da mahaifinka. In ka yi girbi, ka bar gefen gona da kala domin matalauci da baƙo. Kada ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannunka. Kada ka zagi kurma, kada ka sa wa makaho abin tuntuɓe. Kada ka yi ta yawo da tsegumi. Ma'auninka da mudunka su zama na gaskiya. A aya ta 18 kuma ga umarnin da Yesu ya kira na biyu cikin manyan umarnai, ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka. A ranar da muka kai aya ta 13, mai maganar ladan ɗan ƙodago, wani ɗan'uwa mai ma'aikata a ƙarƙashinsa ya yi shiru har aka tashi. Da mako ya zagayo ya ce mana ya biya albashin da ya daɗe yana ja wa mutanensa rai a kai. Ba wanda ya yi masa wa'azi, ayar ce ta kama shi.

Daga nan muka wuce Romawa 6 zuwa 8, sannan Yakubu sura ta 3. Muka ga kuma cewa Bulus ya kira Korintiyawa tsarkaka tun a 1 Korintiyawa 1:2, alhali cikin wasiƙar ɗaya yana tsawata musu kan tsattsaguwa da kai juna ƙara gaban alƙalai. Ashe Allah ya riga ya keɓe mai bi domin kansa saboda Almasihu, sannan Ruhu Mai Tsarki ya shiga aikin sāke halinsa har ya dace da sunan da aka ba shi. Wannan ya kwantar wa mutane da yawa hankali, musamman waɗanda suke ganin sai sun gyaru tukuna Allah zai karɓe su.

Yanzu sai in zo kan kuskuren shekara, wanda nawa ne. Ni na kawo shawarar a buga wata takardar auna kai, kowa ya riƙa cikewa kullum: ka yi addu'ar safe, sura nawa ka karanta, ka yi azumi, ka yi wa wani bishara. Kwamiti ya amince, aka raba. Da farko abin ya yi armashi. Kafin a je ko'ina sai na lura waɗanda takardunsu suka cika suna ajiye su a kan cinya inda kowa zai gani, waɗanda nasu ke da giɓi kuma suna naɗe su cikin aljihu, wasu ma suka daina zuwa. Ni kaina na sami zuciyata tana leƙen takardar na kusa da ni. Wata dattijuwa cikinmu ce ta tsayar da mu. Ta buɗe Luka 18, ta karanta misalin Bafarisiye da mai karɓar haraji, ta tuna mana cewa shi ma Bafarisiyen yana azumi sau biyu a mako, yana ba da ushirin dukan abin da ya samu, amma ɗayan ne ya koma gida baratacce. Ta rufe Littafin ba ta ƙara komai ba. A taron kwamiti na gaba muka janye takardar. Ina roƙon gafarar duk wanda ta sa ya ji kamar ba shi da wuri a cikinmu. Addu'a da karatu da azumi muna nan a kansu, ba mu sake su ba. Ƙirga su a gaban juna ne muka bari.

Abin da ya maye gurbinta shi ne, a ganina, aikin da ya fi kowane amfani a wannan shekara. Muka kasa kanmu ƙananan rukunoni, maza daban mata daban, kowane rukuni bai wuce mutanen da za su iya sauraron juna cikin zama ɗaya ba. Dabarar ba tamu ba ce. A shekarar 1742, a birnin Bristol na Ingila, mutanen John Wesley, mai wa'azin da ya kafa ɗariƙar Methodist, sun rarrabu aji-aji, kimanin mutum 12 a kowane aji, da nufin tara gudummawar biyan bashin ɗakin taronsu. Da shugabannin ajin suka riƙa ganin mutanensu kowane mako, sai suka fara sanin halin da ran kowa yake ciki, ajin ya koma wurin kiwon rai. Mu ma abin da muka nema ke nan, bisa Yakubu 5:16, inda aka ce mu furta wa juna zunubanmu, mu yi wa juna addu'a. Ka'ida ɗaya muka kafa da ƙarfi: abin da aka faɗa a rukuni, a rukuni yake mutuwa.

Ba da wuri bakuna suka buɗe ba. Zaman farko duk lafiya lau ake cewa. Sannu a hankali aka fara faɗin gaskiya, kuma abin da ya fi fitowa ya ba mu mamaki. Mun zaci manyan zunuban da ake yawan ambata a wa'azi za mu ji. Akwai su, amma abin da ya fi yawa shi ne harshe: gulmar da ake lulluɓewa da sunan roƙon addu'a, amsa mai zafi ga mata ko miji, ƙaramar ƙaryar da ake yi a waya don a kauce wa mai bin bashi, saƙon ɓata suna da ake turawa gaba ba tare da an bincika ba. Yakubu ya kwatanta harshe da linzamin doki, da ɗan abin juya babban jirgin ruwa, da ƙyastu mai cinye kurmi. Mun daɗe muna karanta wannan da wasu mutane a zuciya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A bana dai mun ɗan sunkuya mun dubi ƙasan ƙafarmu.

Da izinin su biyun nake ba da wannan labari, ba tare da suna ba. Akwai 'yan'uwa mata biyu da suka daɗe ba sa ga maciji, sai gaisuwar fatar baki. Bayan nazarin Matiyu 5:23-24, inda Yesu ya ce ka bar baikonka gaban bagade ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna, ɗaya ta tashi kafin a yi addu'ar rufewa, ta ratsa ɗakin, ta durƙusa gefen kujerar ɗayar. Ba mu ji abin da ta ce ba. Mun dai ga ɗayar ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta miƙa hannu ta ɗaga ta. Ba a rana ɗaya komai ya warke ba, su da kansu sun ce har yanzu suna koyon yarda da juna. Amma yanzu tare suke zuwa gaida marasa lafiya.

Sauran ayyuka a taƙaice: mun yi kwanakin azumi da addu'a kamar yadda aka tsara, mun yi zaman keɓewa na yini guda a kan Zabura 51, ziyarar marasa lafiya da waɗanda aka yi wa rasuwa ta ci gaba. Muna godiya ga duk waɗanda suka ɗauki nauyin waɗannan ba tare da an roƙe su sau biyu ba.

Akwai inda muka gaza, kuma yana damuna. Wani daga cikinmu ya faɗi cikin zunubin da ya fito fili, sai muka ja baya gare shi. Ba mu kore shi ba, amma ba mu neme shi ba, shirun namu kuwa ya isa kora. Galatiyawa 6:1 ta ce masu ruhaniya su maido da irin wannan da tawali'u, kowa yana lura da kansa kada shi ma a jarabce shi. Mun yi ta nazarin tsarki, muka manta cewa Mai Tsarkin da muke bi ya ci abinci tare da masu zunubi. Sai a ƙarshen shekara biyu daga dattawanmu suka je wurinsa. Bai dawo taro ba tukuna, amma yana ɗaukar waya. Ku ci gaba da yi masa addu'a, kada kuma a mai da shi abin hira. Matasanmu ma ba su shiga rukunonin sosai ba. Wasunsu sun ce suna jin nauyin buɗe ciki gaban sa'o'in iyayensu, kuma suna da gaskiya.

Saboda haka kwamiti ya yanke cewa a shekara mai zuwa za a buɗe rukunonin matasa, kowanne da babba ɗaya da su matasan za su zaɓa da kansu. Ba za mu canza take ba, don ba mu gama da shi ba. Nazari zai koma kan Galatiyawa 5:22-23, albarkar Ruhu guda 9, daga ƙauna har zuwa kamunkai, tare da Filibiyawa 2:12-13, inda aka ce mu yi ta aikin cetonmu da tsoro da rawar jiki domin Allah ne mai aiki a cikinmu. Wanda bai shiga rukuni ba tukuna ya ba ni sunansa kafin taron farko, shugabannin rukunoni kuma su tsaya bayan sujada mu sa ranar zamanmu.

Ɗan'uwanku cikin hidima,
Sakataren ƙungiya