Kowa a Legas na da olsa, amma wa aka auna?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana kan ƙwannafi da ciwon ciki, waɗanda suka zama ruwan dare a tsakanin 'yan uwanmu mazauna Legas. Ni ma'aikaciyar jinya ce, haifaffiyar Agege, kuma duk mai ciwon ciki a layinmu ƙofata yake fara ƙwanƙwasawa kafin ya tuna da asibiti.

Kusan duk magidancin da ya zo, maganarsa ɗaya ce: "Hajiya, olsata ce ta tashi." In na tambaye shi inda aka auna shi, sai ya hau sosa ƙeya. Mai kemis ne ya faɗa masa, ko maƙwabci, ko shi da kansa ya yanke wa kansa hukunci ranar da ya ji ƙirjinsa na ci da wuta.

Yawan masu kukan ba ya ba ni mamaki, don binciken masana ya nuna wajen mutum 1 cikin 5 na manya a duniya na fama da kumburin ciki, yawan gyatsa ko zafi a ƙahon zuci. Sai dai ƙwannafi daban, gyambon ciki, wato olsa, daban. Ƙwannafi ruwan tsamin ciki ne ke hawowa maƙogwaro idan tsokar da ke rufe bakin tumbi ta saki. Gyambo kuwa rauni ne a bangon ciki ko farkon hanji, kuma galibin masu wannan kuka da aka zura musu kyamara a ciki ba a samun gyambon a jikinsu.

Zaman garin nan shi kansa yana haifar da ƙwannafi. Ɗan dako a kasuwar Mile 12 ya fita tun asuba, ba abin da ya shiga cikinsa sai goro da ruwan leda. Ya wuni da kwandon tumatir a ka, ya kwashe awa biyu a danfo cikin cunkoso, sai wajen goma na dare ya zauna gaban mai shayi: indomi biyu, ƙwai uku, attaruhu ya ji, ga shayi mai kauri an barbaɗa Nescafe. Yana ajiye kofi ya miƙe a kan benci. Ina abincin zai je? Ƙarfe biyu na dare tsami ya tashe shi, ya lalubo kanwa ya jiƙa. Haka direbobin tanka da ke kwana a layin Apapa. Kanwar takan kwantar da zafin na ɗan lokaci, amma gishiri ne da ita, mai hawan jini da mai ciwon ƙoda ba su da haɗi da ita. Da zai ci abincin da wuri, ya bar awa 3 tsakanin ci da kwanciya, ya ɗaga gefen kai na shimfiɗarsa, da rabin wahalar ta tafi ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne "haɗi". Mutum ya gaji liƙis, ya tsaya a kemis ya ce a haɗa masa na ciwon jiki. A ƙulle masa ƙwayoyi kala-kala a leda, babu suna. In ka kwance ƙullin, sau da yawa za ka tarar da ibuprofen da diclofenac tare, wani lokaci har da aspirin, ya haɗiye su ciki babu komai. Waɗannan magunguna na cikin manyan abubuwan da ke cinye bangon ciki. Akwai wani dattijo mai sayar da albasa da aka kawo mini, idonsa fari fat, bayan gidansa baƙi ƙirin kamar kwalta. Iyalinsa sun ce basir ne, suna ta ɗura masa jiƙo. Jini ne ke zuba a cikinsa, sai da aka yi masa ƙarin jini.

Sannan a daina ɗora wa yunwa laifin gyambo. Tun 1982 wasu likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano cewa wata ƙwayar cuta mai suna H. pylori ce ke haddasa mafi yawansa, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ƙwayar na da yawa ƙwarai a Najeriya, galibi tun yarinta ake ɗaukarta. Ana gano ta da gwajin bayan gida ko na numfashi, a kashe ta da haɗin maganin da likita zai rubuta na kwana 10 zuwa 14. Wanda ya shekara yana shan magungunan rage tsamin ciki irin su omeprazole da Gestid lallashin ciwon kawai yake yi, kuma omeprazole ɗin kan ɓoye ƙwayar, sai an dakatar da shi mako 2 kafin gwaji.

Wanda ya ga aman jini, baƙin bayan gida, rama ba dalili, ko abinci na tsaya masa a wuya, ya nufi asibiti a ranar. Haka mai zafin ƙirji da ke zuwa da gumi, haki, ko ya sauka hannun hagu, domin ciwon zuciya kan zo da kamar ƙwannafi. Asibitin koyarwa na LUTH na nan Idi-Araba a tsakiyar jama'armu, na LASUTH kuma na Ikeja.

Roƙona ga sarakunan Hausawa da limamanmu na Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago: kafin azumi ya kama, lokacin da kukan olsa ya fi yawa, su gayyato likita ya yi wa mutane bayani da Hausa bayan sallar Juma'a, kuma a tabbatar masu kemis na unguwa suna sahun gaba.

Wassalam,
Wata ma'aikaciyar jinya,
Agege, Legas.