Wa alƙalin ya 'yantar?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Baƙon da kuka kawo a shirinku na rediyo ranar Lahadi ya ɓata mini rai ƙwarai. Yana ta zuba wa alƙali Richard Posner kirari, wai hukuncinsa na 1992 ne ya 'yantar da talabijin a Amurka. Ya 'yantar da wa? Manyan gidajen talabijin ABC da CBS da NBC ne ke ɗaure? Ai danne masu shirya shirye-shirye da suka yi ne ya sa FCC, hukumar kula da harkokin sadarwa ta Amurka, tun 1970, ta kafa dokar da ta hana su cin kaso a shirin da wani ya yi wahalarsa, ta kuma hana su cinikin maimaicinsa ga sauran tashoshi. Dalilin rabuwar CBS da Viacom, reshensa mai cinikin maimaici, a 1971 ke nan. Kotun Chicago da Posner ya yanke hukuncin a cikinta ma ba ta ce dokar haramun ce ba, cewa ta yi hukumar ba ta kawo gamsasshiyar hujja kan kwaskwarimar da ta yi wa dokar a 1991 ba. Baƙonku ya tsallake wannan, mai gabatarwa kuma yana ta "haka ne, haka ne". A 1995 aka binne dokar, a shekarar ce Disney ta sanar da sayen ABC kan dala biliyan 19.

Ni na san me ake nufi da kuɗin maimaici, domin a jikina na ji. Filin gādona na sayar na shirya wasan kwaikwayo kashi 26. Hayar kyamara, abincin 'yan wasa, man janareta, duk daga aljihuna. Wata tasha ta ce ba za ta sa ba sai na sa hannu ya zama nata har abada. Na sa, don ba ni da wata ƙofar. Yanzu duk azumi sai sun maimaita shi, talla kan talla, ko sisin kwabo ban gani ba. Mai ɗakina da ta ji kiɗan farkonsa sai ta tashi ta kashe talabijin. Irina ya kamata ku zaunar gaban wancan malamin, ya faɗi kalmar 'yanci yana kallon idona.

Sannan don Allah ku yi wa mai kula da sauti magana. Kiɗan da yake sawa ƙarƙashin hira ya fi muryar mutane ƙarfi, sai na manna rediyo a kunne. Na kira layinku sau huɗu ranar, ba wanda ya ɗauka.

Naku mai sauraro,
daga Zariya