Amsa ga Malam: ɗan rawa ma kai gare shi

Assalamu alaikum, Malam.

Ban saurari shirin rediyon ba ranar da aka watsa shi. Yaran ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo ne suka turo mini muryarka a waya, har mutum huɗu, kowa da nasa ƙorafin. Na saurara sau uku kafin na ɗauki alƙalami, domin ba na so in amsa maganar da ba ka faɗa ba.

Abu uku ka tambaya, a gaban duk wanda ya kunna rediyo a wannan Asabar. Ka ce me ya kai ni ɓata mako biyu ina karantar da matasa tarihin wani Ba'amurke mai suna Bob Fosse. Ka ce ko na san irin rayuwar da mutumin ya yi. Sannan ka ce ɗan rawa ƙafa Allah ya ba shi, kai kuwa na marubuci ne, to ta yaya wanda ya tashi yana juyi a gaban ganga zai zauna a kujerar darakta. A ta ukun ba ka kama suna ba, amma duk garin nan an san wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana rawar koroso kafin a ba shi jagorancin wasa. Wannan ce ta hana ni barci, kuma ita zan amsa.

An haifi Fosse a Shikago a 1927. Tun yana ɗan yaro yake rawa a gidajen shaƙatawa na dare don neman abin sawa a baka, a wuraren da babu uban da zai so ɗansa ya shiga. Burinsa ya zama tauraron rawa a fim, har kamfanin finafinai na MGM ya ɗauke shi a 1953, amma tauraron bai haska ba. Ƙafafunsa sun ɗan karkata ciki, kafaɗunsa a ranƙwashe, gashin kansa ya fara zubewa da wuri, kuma ba ya son kamannin hannuwansa. A 1954 aka ba shi tsara rawar wasan The Pajama Game a Broadway, wato unguwar manyan gidajen wasa ta birnin New York, ya kuwa ci lambar yabo ta Tony da aikinsa na farko.

Ka duba abin da ya yi da waɗannan nakasu, Malam, domin nan ne gizo ke saƙa. Maimakon ya ɓoye su, sai ya gina salonsa a kansu. Karkatacciyar gwiwa, ranƙwasasshiyar kafaɗa, hula a kai, safar hannu, ƙaramin motsin yatsa ɗaya yayin da sauran jiki yake tsaye cak: har yau duk wanda ya san harkar, da ya ga wannan ya san aikin wane ne. Mutum ya zauna ya karanci jikinsa, ya gane abin da ba zai iya ba, ya mayar da shi abin da dubban masu rawa ke wahalar kwaikwayo shekara hamsin bayan haka. In ba da kai aka yi wannan ba, da me aka yi?

A 1959 ya fara riƙe wasa gaba ɗaya, ba da umarni da tsara rawa duka a hannunsa, a wasan Redhead. Gwen Verdon ce, babbar 'yar rawan da ya aura a 1960, ta sa sharaɗin sai shi zai jagoranta kafin ta yarda ta fito. Ita ta yi aiki a ƙarƙashinsa, ta san abin da ke cikin kansa tun kafin masu kuɗin su sani. Kuma ba sauƙi abin ya zo masa ba. Fim ɗinsa na farko a 1969 ya jawo asara mai yawa, aka yi ta cewa ɗan rawa ya wuce gona da iri, kusan irin maganar da ka yi a rediyo. Ya koma ya ƙara koyon aikin kyamara. A shekarar 1973 kaɗai ya ci lambar yabo ta Oscar ta gwarzon darakta da fim ɗin Cabaret, ya ci Tony da wasan Pippin, ya ci Emmy da wani shirin talabijin na mawaƙiya Liza Minnelli. Cikin waɗanda ya kayar a wannan Oscar har da Francis Ford Coppola, daraktan fim ɗin The Godfather.

Ba shi kaɗai ba ne. Jerome Robbins, wanda ya jagoranci wasan West Side Story a 1957, daga layin 'yan rawa na baya ya fito. Michael Bennett ya bar makarantar sakandare ya bi ayarin wasa yana rawa. A 1974 ya zauna da 'yan rawa 'yan uwansa cikin dare, aka naɗi labarin rayuwarsu a faifai, daga nan aka gina wasan A Chorus Line, wanda aka nuna sau 6,137 daga 1975 zuwa 1990. Labarin mutanen da ake jerawa a baya ba a san sunansu ba, shi ya cika gidan wasa shekara goma sha biyar.

Wannan ba dace ba ne. Wanda ya tsaya a layin baya ya san dandamali daga ciki. Ya san taku nawa ne daga labule zuwa tsakiya. Ya san in mutum ya yi tsalle takwas a jere, numfashinsa ba zai ɗauki doguwar magana ba sai an ba shi sarari. Ya san inda idon ɗan kallo ke zuwa in mutum ashirin suna motsi guda ɗaya ya tsaya. Ya san lokacin da makaɗi ya fara gudu, tun kafin makaɗin kansa ya farga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ban karanci waɗannan a littafi ba, Malam. Na koye su da kacau-kacau a ƙafa, da targaɗe biyu, da wata gwiwa da har yanzu ke tuna mini duk lokacin hunturu.

Batun rayuwarsa kuwa, ban ɓoye wa yarana komai ba. Na gaya musu sigari ba ta rabuwa da bakinsa, yana shan ƙwayoyi, ya ci amanar matarsa, zuciyarsa ta buga a 1974, ta kuma kashe shi a birnin Washintan a 1987 yana da shekara 60. Na ce musu su ɗauki sana'ar su bar halin. Tambayar me ya sa Ba'amurke ba ta buƙatar dogon bayani: bakanike a garin nan injin Japan yake kwancewa, ba wanda ya ce ya bar al'adarsa.

Yanzu bari in faɗi abin da nake ganin ya kawo wannan tambaya, kuma ka yi mini afuwa in na yi kaushi. Ban ji ka taɓa damuwa da Fosse ba sai bayan da kwamiti ya ba ni jagorancin wasan bana. Shekara ashirin kana rubuta wa ƙungiyar nan wasanni, ka sa ran kujerar, aka ba wanda ka sani tun yana ɗaukar jakar kayan rawa. Na san akwai ciwo, kuma da ka kira ni gida ka faɗa mini, da na zauna a ƙasa na saurara kamar yadda na saba. Amma ka kai maganar gidan rediyo, ka haɗa da yara ashirin da biyu da ba su yi maka komai ba. Ɗaya daga cikinsu mahaifinsa ya ji shirin, ya hana shi dawowa gwaji. Yaron nan shi ne ya fi kowa kunnen kiɗa a cikinsu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganarka ta sami wurin zama domin tuni ƙasar a shirye take. Mu ne ake kira in za a tari babban baƙo. Mu ne ake jerawa a rana tun hantsi, cikin kayan rawa, har la'asar baƙon bai iso ba. A yi tafi, a ɗauki hoto, a sallame mu da kuɗin mota da ba ya kai mutum gida. Na taɓa tsara rawar wani babban taro wata uku cur, da aka buga takardar shirin taron akwai sunan mai jawabi, da mai gabatarwa, har da kamfanin da ya kawo kujeru, amma babu nawa babu na yaro ko ɗaya. Sau da yawa a finafinanmu ma za ka ga rawa ta ɗauki minti biyar, ka jira rubutun ƙarshe ka rasa wanda ya tsara ta. In ɗan rawa ya je neman aure, sana'arsa ce abin da ake fara roƙonsa ya ɓoye. Daga jahili muna iya haƙuri da wannan. Daga mutumin da ya yi shekara ashirin yana kallon guminmu daga kujerar gaba, da wuya.

Wasan da nake shiryawa naka ne, Malam, kai ka rubuta shi, kuma na zaɓe shi ne don ina ganin ya fi duk abin da muke da shi. A shafi na goma sha huɗu ka rubuta layi ɗaya: kasuwa ta watse. Kalma uku. Ni kuwa sai na san wa zai fara gudu, wa zai tsaya tattara tumatirinsa, ta ina mai kura zai bi kada ya take yarinyar da ke talla, a wane bugun ganga uwar za ta gane ɗanta ba ya hannunta, kuma yaya za a yi idon mutum ɗari biyar ya sauka a kanta ita kaɗai a wannan daƙiƙa. Mako uku muna kan wannan layi naka, har yanzu da saura.

Muna gwaji Talata da Alhamis bayan la'asar, a inda ka sani. Ka zo ka ga shafi na goma sha huɗu. Ina kuma roƙonka, tunda mahaifin yaron nan yana jin maganarka, ka taka ka same shi kafin Alhamis.

Wassalam,
ƙaninka a wannan sana'a.