Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Farfesa a Nima, Accra

Assalamu alaikum iyayenmu limamai da sarakuna, iyayenmu mata, da 'yan'uwa na gida da na waje.

Aikin da kuka ɗora mana ranar sadakar arba'in ta marigayi Farfesa, Allah Ya jiƙansa da rahama, ya kammala. Ɗakin nan na jikin makarantar Islamiyyarmu, inda yake zama kowace Asabar, ya koma aiki.

Ranakun aiki yana Jami'ar Ghana da ke Legon yana koyar da doka. Asabar kuwa tamu ce. Da an sha koko za ka tarar da shi a kujerarsa, tabarau a karan hanci, layi har bakin lungu, kuma ko pesewa ba ya karɓa. A ɗakin nan da yawanmu muka fara jin cewa dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin gaba na fiye da wata 6, alhali a unguwar nan na shekara biyu ake nema. A nan iyaye suka san cewa tsarin mulkin 1992 bai yarda a tsare ɗansu fiye da awa 48 ba tare da an kai shi kotu ba. Amma abin da ya fi ci masa rai shi ne aure da gado. Ya sha roƙon limamai su riƙa yin rajistar aure cikin mako guda, kamar yadda dokar auren Musulmi ta 1907 ta tanada. Ya sha tuna wa magidanta cewa duk wanda ya rasu bai rubuta wasiyya ba, idan magana ta kai kotu, Doka ta 111 ta 1985 za a bi a kan dukiyarsa, ko Musulmi ne ko ba Musulmi ba.

Da farko kawunanmu sun rabu. Wasu na son a kafa babban allo mai sunansa a bakin titi. Hajiya mai ɗakinsa ce ta raba gardama, ta aiko mana da robar da yake tarawa a kan teburinsa duk damina saboda yoyo. Daga ranar ba wanda ya sake ta da zancen allo.

Mun zaci sauya kwano ne kawai. Da kafinta ya ɗaga rufin sai ga gara ta cinye katakon, wani da hannu ma yake marmashewa. Dole aka sauke duka. Sannan magini ya nuna mana abin da muka daɗe muna gani ba mu lura ba: daɓen ɗakin ya fi lungun ƙasa, shi ya sa ruwan watan Yuni ke shigowa ta ƙofa. Aka ɗaga shi tsayin bulo biyu, aka ɗaga ƙofar, aka haƙa ƙaramar kwata da za ta kai ruwan zuwa babbar kwata. Wannan ne ya fi cin kuɗi, kuma ba mu yi nadamarsa ba. Mun kuma yanke wani ɗan sashe mai ƙofa, domin Farfesa ya daɗe yana jin nauyin yadda mace ke faɗin sirrin gidanta mutanen layi suna saurare.

Akwai kuskuren da ya zama wajibi mu faɗa. Mun biya kuɗin yashin farko ba mu gan shi ba, ya zo cakuɗe da laka, magini ya ƙi taɓa shi. Kafin a sauya mana mun yi asarar mako uku. Laifinmu ne, muna neman afuwa.

Tifa ba ta shiga lungunmu, don haka samari ne suka kwaso yashi da tsakuwa a kwanon sarki tun daga titi, wasu bayan sun taso daga aiki. Allah Ya yi musu albarka. Kuɗi sun fito daga tarin Juma'a, da adashin iyayenmu mata masu koko da ƙosai, da 'yan'uwa na Jamus, Italiya da Amurka da suka turo ta Momo, wato aika kuɗi ta waya. An liƙa cikakken lissafi a bangon ɗakin, rasit kuma suna hannun ma'aji ga mai son dubawa. Mai walda da ya yi ƙarfen tagogi yana bin mu ciko, za mu biya shi daga tarin Juma'a mai zuwa.

Kujerarsa ba mu sauya ta ba, ƙafa ɗaya aka gyara. Uku daga cikin ɗalibansa, waɗanda yanzu lauyoyi ne, sun yarda su riƙa karɓa-karɓa a kanta kowace Asabar daga ƙarfe 9 zuwa azahar, kyauta.

A kabad ɗinsa mun tarar da ambulan masu yawa, kowace da sunan mai ita da rubutun hannunsa: takardun fili, rasit na haya, wasiyyoyi. Ruwa ya taɓa na ƙasa, mun shanya su, ana iya karantawa. Duk wanda ya san ya ba Farfesa ajiya, ya zo ranar Asabar da Ghana Card ɗinsa, wato katin shaidar ɗan ƙasa. Idan mai ajiyar ya rasu, magadansa su zo tare da limamin unguwarsu.