Wasiƙa daga Turin

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da uwargida da yara da mutanen shago. Mu nan sanyi ya sauko sosai, amma alhamdu lillahi.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau, ranar Asabar wani abokin aikina ɗan Italiya ya kai ni makarantar da ya yi, a unguwar Valdocco, nan cikin Turin. Ta Katolika ce. Tun da na fito kake raina.

Wani fada ne, wato limamin coci, ya kafa ta, Don Bosco, ɗan manoma da aka haifa a 1815. Ya zo birnin nan ya tarar da yaran ƙauye sun cika shi neman aikin lebura, wasu har sun ƙare a kurkuku. A 1846 ya samu wata rumfa ya fara tara su. Mahaifiyarsa ta baro ƙauye ta zo tana dafa musu abinci, tana yi musu facin kaya. Da farko wajen masu sana'a na cikin gari yake kai su. Daga baya ya buɗe nasa: ɗinkin takalma da tela a 1853, ɗinkin littattafai a 1854, kafinta a 1856, sannan ɗab'i da ƙira. Shi kansa ya taɓa zama yaron tela. Azuzuwan sakandare sai a 1855 suka fara, wato allura da zare sun riga su shiga gidan. Har yau akwai makaranta a wurin, ga kuma sashen koyon sana'a a harabar.

Amma abin da ya fi taɓa ni takarda ce guda. Abokin nawa ya nuna min hotonta a waya: yarjejeniyar 1852 tsakanin wani kafinta da yaron da zai koya, fadan ya sa hannu, uban yaron ma ya sa. An rubuta cewa ubangida zai koya masa sana'ar, ba zai sa shi aikin da bai shafe ta ba, idan ya yi laifi da baki za a gyara masa, ban da duka. Lahadi hutu, kuma ladansa zai riƙa ƙaruwa.

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Ka tuna shekararmu ta farko a shagon oga? Ɗebo ruwa, wankin babur, kai cefane gida. Wata bakwai kafin a bar ni in riƙe zarto, ranar kuma da na karkace a yanka katako, da guntun katakon aka auna min baya. Kai ka daure har aka yaye ka, ni na gudu. Ina jin da akwai takarda irin wannan a hannun Baba, da yau muna shago ɗaya.

Na san kai ba ka dukan yaranka. Duk da haka ina roƙonka, sababbin nan biyu da ka ce an kawo maka, ka kira iyayensu da mai unguwa a rubuta: shekara nawa, me za su koya, yaushe za su je makaranta. Na roƙi abokin nawa ya fassara min takardar, zan turo maka ta WhatsApp.

Ka gaida Hajiya, ka ce ina neman addu'a. Idan ɗan'uwan nan namu zai taho bayan Sallah, a ba shi kilishi da yaji.

Naka har kullum,
Amininka na Turin