Zuwa ga ɗana da ke son barin atiliye saboda takobi

Assalamu alaikum Babana,

Ina fata kana lahiya, kai da kawunka da mutanen gidansa duka. Nan Tawa lahiya lau sai zahin rana. Innarka na gaishe ka, ita ce ma ta matsa mini in rubuto, ta ce ni da kai in munka hau waya ba mu minti biyar ba a ɗaga murya ba, to ga shi na rubuto, ka karanta sannu a hankali, in ka ji hushi ka ajiye wayar ka sha ruwa ka dawo.

Kawunka ya gaya mini ka ce ma maigidanka ƙarshen wata za ka bar atiliyen wuta da sola don ka samu antirenma sahe da marece, wai kana son shiga cikin goman da za su wakilci Yamai a gasar kokowa ta takobin ƙasa bana. Ya kuma gaya mini abin da kai ka ɓoye, cewa gwiwarka ta dama tana kumbura kana naɗe ta da bandi kana shiga hili haka nan. Kar ka ga laihinsa, ni na tsare shi da tambaya.

Ka sani tun yanzu ni ban hana ka kokowa ba kuma ba ni da niyya. Ƙaƙa ɗan Adar zai hana ɗansa kokowa, bayan nan garin namu anka fara gasar takobin ƙasa a 1975 zamanin Seyni Kountché, Kantu na Maraɗi ya tahi da shi. Kakanka da ka ci sunansa ɗan kokowa ne na gaske, amma ka tambayi duk tsohon da ya san su, mutanen nan manoma ne, sai an yi girbi an ɗaure damma an cika rumbu sannan ake kaɗa ganga a hita hili, ƙarhin da suke kada mutum da shi a gona sunka samo shi, kuma in an watse kowa na da inda zai koma. Yaran yanzu ne ke son kokowar ta zama ita ce gonar ita ce rumbun.

To zo mu yi lissahi tunda ka yi lakkwal. Jahohi 8 ne, Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai, kowace ta kawo mutum 10, ƴan kokowa 80 ke nan, takobi guda, sau ɗaya a shekara, cikin kwana goma ko kusa da haka an gama. Kuma ka hi ni sanin ƙa'idar, kaye guda ya isa ya raba ka da takobin wannan shekarar, ko da santsi ne ko ka ɗan yi sakaci na ƙiftawar ido. Kullum sunan da ke bakinku Issaka Issaka na Doso, e ya ɗauka ya sake ɗauka Allah ya ba shi, an yi masa kyautar miliyoyi, amma duk shekarar da ya ɗaga takobin nan mutum 79 ne sunka hau mota sunka koma gida, kuma cikinsu akwai wanda ƙarhinsa bai kasa nasa ba. Ko waje ka duba, Nijar a wasannin Olamfik lamba biyu gare ta, Issaka Dabore ya samo tagulla a dambe a birnin Munik 1972, sai da anka yi shekara 44 kahin Abdoul Razak Alfaga ya kawo azurfa a taikwando a Riyo 2016, ya ƙara da zinariyar duniya a 2017. Ba don in karya ma gwiwa na kawo wannan ba, wata ƙila kai ne na gaba, Allah shi ya sani. Tambayata ita ce sauran kwana ɗari uku da hamsin na shekara mi za ka ci, mi za ka zama.

Yanzu maganar gwiwa, nan ne zan daɗe don nan ne na san abin da nake faɗi, aikin majo na yi a asibiti har na yi ritaya, gwiwar samari na taɓa ta hi a ƙirga. Cikin gwiwa akwai jijiyoyi masu riƙe ƙashin cinya da na ƙauri, akwai kuma guringuntsi tsakaninsu da ke ɗaukar nauyi. In ƙafa ta kahe cikin rairayi abokin karawa ya murɗa ka, su ne ke yagewa. Kawunka ya ce ka ji wani ƙas lokacin, ta kumbura tun daren, kuma yanzu in kana saukowa daga tsani sai ta yi kamar za ta kuɓuce ma. Babana wannan ba targaɗe ba ne da za a ja a shafa man kaɗanya, alamomin yagewar jijiya ne har sai likita ya duba ya ce a'a. Kuma kar wani ya ce ma an yi radiyo ba a ga komi ba don haka lahiya lau, radiyo ƙashi yake nunawa, jijiya sai likitan ƙashi ya kama ƙafar da hannunsa ya gwada, in ya ga da buƙata ya tura ka hoton IRM mai nuna jijiya. Abin da ke ba ni tsoro shi ne gwiwar da jijiyarta ta yage in ana ci gaba da murɗa ta, guringuntsin ne ke biyo baya, shi kuma ba ya tohuwa, sai ka ga mutum ɗan shekara talatin da biyar yana sallah a kan kujera. Akwai wani nan kartiyenmu, ba sai na faɗi sunansa ba ka san shi, da can in ya shigo hili mata har guɗa suke, yanzu in zai tashi daga tabarma sai ya dafa bango ya yi jim kahin ƙafar ta amsa masa, kuma ɗiyansa ƙanana ne. In ma abin ya kai ga opirasiyo, ƴan wasan da ke da likitoci a gindinsu sukan yi kamar wata tara kahin su koma hili. Rasa gasar bana abu ne mai ciwo na sani, amma kana da shekara ashirin, gasa na nan baɗi da baɗin waccan.

Sai ƙwayoyi. Ban ce kana sha ba, na dai san abin da ke yawo a fada da bakin hili, na san kuma ƙaƙa ake fara shi, aboki ne zai ce ungo rabi ka ji ciwon ya tahi. Tramol ba ya warkar da komi, kashe jin ciwon yake, kai kuma sai ka hau ƙafar da ta lalace kana ganin ta warke. Dangin su morfin ne, yana kama mutum, yau rabi gobe biyu, in ya yi yawa yana kada mutum ya riƙa shure-shure kamar mai farfaɗiya, na ga samari da dama an kawo su a haka sun tauni harshe. Hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta sa shi cikin abin da ta haramta lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024, ke nan duk mai mafarkin hita waje ya yi wasa ya san da wannan. Haka deksa da masu tallar magani ke saida wa masu son ƙiba, ruwa yake tara ma a jiki, huska ta kumbura mutane su ce ka yi ƙarhi, alhali naman jikin yake cinyewa ya raunana ƙashi ya tada sukari da hawan jini. Ko diklofenak ɗin da kuke ɗauka ba komi ba, a sha shi kullum ciki ba abinci ana zuba zuhwa cikin ranar Yamai, ƙoda da tumbi ne ke biya.

Abin da ke gina ɗan kokowa ba shi da tsada haka. Hura da nono, wake, ƙwai in an samu, zogale da ƙuli, nama daidai aljihu, ga cuku Innarka ta ce za ta aiko. Ruwa ka sha tun ba ka ji ƙishi ba, ka riƙa duba hitsarinka, in ya yi ja kamar shayi to jikin ya bushe, kuma watannin Afrilu da Mayu da zahi ke wuce 40 ba a gudu da tsakar rana ko wa ya ce. In ka yi masassara ka yi gwaji ka sha magani ka huta, kar ka tashi daga zazzaɓin sauro ka zarce hili. Barci kuwa, lokacin barci ne jiki ke gyara abin da antirenma ya yaga, wanda ke fada har ƙarhe biyun dare kan shayi da TikTok ya tashi asuba gudu, wahala kawai yake tarawa.

Maganar layu da guru ba zan ja ta ba. Addu'a ka yi, Innarka ma kullum tana yi ma. Amma duk wanda zai karɓi kuɗɗinka ya ba ka wani ruwa cikin gora da ba ka san mi anka jiƙa ciki ba, ko ya ce ka yi abin da ka san ba ka iya faɗa mini, ka rabu da shi. Shi ma abokin karawarka yana da nasa mai ba shi, kuma dole ɗaya ya faɗi.

Akwai abin da ya hi gwiwar damuna. Ranar da anka kada ka ɗin nan bidiyon ya yi ta yawo a WhatsApp, har nan ya zo, na gani, kaye ne mai kyau yaron ya iya, ya shammace ka ta ƙafar da ke ciwo. Abin da ban so ba shi ne abin da ya biyo baya, ka ruhe waya, ka ƙi cin abinci, matar kawunka ta ce tuwonka haka ake ɗauke shi da sahe ba a taɓa ba, ƙanwarka ta yi ta kira har ta yi kuka. Wane ɗan kokowa ne bayansa bai taɓa ƙasa ba? In kaye guda na hilin kartiye ya yi ma haka, ranar da za ka faɗi gaban dubban mutane ana nunawa a tele ga makaɗa ga cali-cali na kwaikwayon faɗuwarka, mi zai faru? Abin da na lura shi ne ka tattara darajarka duka ka ɗora kan abu guda, shi ya sa in ya girgiza sai ka ji kamar kai ne ka ƙare. Mutumin da ya san gobe da sahe ana jiransa ya haɗa ma wani gida wuta, yana da abokai da ba ruwansu da ko ya yi kaye ko an kada shi, yana zuwa masallaci a san shi da sunansa ba da kirarinsa ba, wannan in ya faɗi zai kakkaɓe rairayi ya ci tuwonsa, kuma irinsa ya hi shiga hili da natsuwa don ba ya jin tsoron faɗuwa kamar mutuwa. Masu yi ma kirari yanzu kuwa ka riƙe su da hannu biyu amma ka san na ranar kaye ne.

Shi ya sa atiliyen nan ba zan yarda ka bari ba. Saura kaɗan ka ƙware, kuma aikin wuta da sola ba aikin da zai mutu ba ne a ƙasar da Allah ya hore ma rana haka, ko nan Tawa mutane na neman mai haɗa musu fano da batir da famfon rijiya na garka, sai su yi ta jiran mutum guda. Samarin Adar nawa ke tahiya Abijan da Libiya don ba su da abin yi a hannu, kai an ba ka za ka ajiye. Na yi magana da maigidanka, mutumin kirki ne, ya ce zai riƙa sallamarka da la'asar, in lokacin zaɓen ƴan kokowa ya matso ya ba ka hutu. Ka ga ba sai an yanka ɗaya don ɗaya ya rayu ba. Kuma takardarka ta BEPC kar ka bar ta tana cin ƙura, nan Yamai akwai makarantar INJS da ke horar da malaman wasanni, ka je da ƙafarka ka tambayi sharuɗɗan shiga, wanda ya san kokowa ya kuma san jikin mutum a takarda zai ci abinci da ita har tsuhwansa, ko ya ɗauki takobi ko bai ɗauka ba.

Na turo ma kawunka kuɗɗin ganin likita, ba hannunka na sa ba kuma ka san dalili. Ranar Litinin zai raka ka wajen likitan ƙashi, duk takardar da anka ba ka da ordonansi ka ɗauki hoto ka turo mini in gani da idona. Kahin nan ba kamawa ba gudu ba tsallen igiya, in jikin ya dame ka ka yi abin da bai taɓa gwiwar ba. In likita ya ce lahiya lau ka koma, ni da kaina zan sai ma abin da ake buƙata, in kuma Allah ya sa ka shiga goman nan zan hau mota in zo duk jahar da za a yi, sai dai ka sani in ka haɗu da ɗan Tawa ban san wa zan goya ma baya ba.

Ka kira Innarka yau ba gobe ba, ka kuma ba ƙanwarka haƙuri. Ka gaida kawunka da matarsa da yara, ka gaida maigidanka. Allah ya yi ma albarka ya ba ka lahiya.

Mahaihinka,
daga Tawa